Yau akwatin talabijin ya kunyata ni a gaban ƙanina

Talata, wajen sha ɗayan dare

Tun jiya da daddare na bar kwamfuta tana ta gurnani, na ba ta kashi na farko na wani anime, wato katun ɗin Japan, da na kwafo daga faifan Blu-ray ɗina in matse shi, don fayil ɗin asali kashi ɗaya tak ya haura giga biyar, kuma kashi sha biyu ne, ina zan kai su. Saitin da na sa kuwa na 'yan ƙwalisa ne, inkodar x264, wato manhajar da ke matse bidiyo zuwa tsarin H.264, a 10-bit, CRF 16 (lambar inganci ce, ƙaramar lamba ta fi kyau amma fayil ya fi nauyi), gudu na sa veryslow, na ƙara tune animation a kai. Na kwanta ina jin kaina wani gwani.

Da safe na tarar ya gama, fayil ya dawo ƙasa da giga ɗaya. Na buɗe a mpv, manhajar kallon bidiyo, na zarce kai tsaye wajen da nake tsoro, wani sin ne na dare inda sama take sauka daga shuɗi mai duhu zuwa baƙi a hankali. Wlh sumul, ba layi ko ɗaya. Wanda bai taɓa matse anime ba ba zai gane daɗin nan ba. Shi zanen anime kala ne a shimfiɗe, babu tsaki-tsakin nan na fim ɗin kyamara da ke rufa wa inkoda asiri, to in ka matse a 8-bit matakai 256 kawai kowace kala take da su, sai ka ga sararin sama ya koma kamar matakalar bene, zobe-zobe a kewaye da wata ko fitila. A 10-bit matakan 1024 ne, kuma abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne shi kansa Blu-ray ɗin 8-bit ne, amma duk da haka in ka matse a 10 ya fi fitowa da kyau, saboda lissafin da inkoda ke yi a ciki ba ya yawan zubar da ɓurɓushi.

Na zuba a filashi na miƙa wa ƙanina ya sa a akwatin da ke jone da talabijin. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji ya ƙwala min kira.

"Yaya, wai hoto ɗai-ɗai za mu kalla ne? Magana ta yi gaba, bakin yarinyar nan har yanzu a buɗe yake."

Na je na tsaya a kansa. Sauti na tafiya lafiya lau, hoton kuma sai ya tsaya cak, ya zabura, wani lokacin ma kore-kore ya ɓata rabin allo sai ka ce an zubar da fenti. Haushin da na ji na kaina ne, don na san wannan matsalar. Tun wajen 2011 da masu fassara anime suka rungumi Hi10P, wato H.264 na 10-bit, ake wannan rigimar. Guntun da ke warware bidiyo a cikin akwatuna da wayoyi da talabijin, kusan dukkansu in dai H.264 ne na 8-bit kawai suka iya, in ka ba su 10-bit sai aikin ya faɗo kan firosesa, ita kuma ta akwatin nan ko numfashi da kyar take yi. Ga kuma veryslow yana sa firam 16 na waiwaye, wato hotunan da na'ura ke riƙewa tana dubawa don gina na gaba, alhali a 1080p matakin 4.1 na ƙa'idar H.264 da yawancin na'urori ke bi guda 4 ya yarda da su. Wato laifi biyu na yi a fayil ɗaya.

Maimakon in sake ɓata dare guda sai na yanko gutsure biyu da manhajar ffmpeg, kowanne sakan casa'in, sin ɗin daren nan da kuma wani faɗa mai tartsatsi da ƙura inda komai ke motsi lokaci ɗaya. Da ma haka ya kamata in fara jiya.

Na farko x264 8-bit, CRF 18, firam ɗin waiwaye 4. Akwati ya karɓa ba gardama, amma zoben nan ya dawo a kewayen wata, ƙanina ya ce shi bai ga komai ba, ni kuwa idona ya ƙi barin wurin. AV1, wani sabon tsarin matse bidiyo, ma na gwada don kwaɗayi, a kwamfuta dav1d mai warware AV1 ya warware shi kamar wasa, akwatin kuwa ko buɗewa bai yi ba, ya girme shi.

Wanda ya zauna shi ne x265 a 10-bit. Nan ne abin ya bambanta, shi HEVC, tsarin da x265 ke fitarwa, tun farko an tsara masa Main 10, wato nasa 10-bit ɗin, kuma masu ƙera guntu sun sa shi saboda bidiyon 4K da HDR, shi ya sa akwatin da ya shaƙe da H.264 10-bit ya haɗiye wannan ba ko tari. Sai dai lambar CRF ɗinsu ba ɗaya ba ce, x264 daga 23 yake farawa x265 daga 28, kada mutum ya kwafi lamba daga can ya liƙa nan ya ce ya yi daidai. Na fara da 21 na ga ƙurar faɗan ta yi laushi da yawa, na sauko 19. Sannan siraran layukan gashi da na ido sun ɗan dushe kamar an shafa musu yatsa, na tuna SAO, wani matacin x265 mai gyara hoto, ne ke wannan aikin, na kashe shi, suka dawo da kaifinsu. Fayil ya ɗan ƙara nauyi amma na yafe.

Ina murna an gama, na matse minti biyun farko na kashin don tabbatarwa, sai ga shi waƙar buɗewa tana sarƙewa kuma. Na kusa jefar da rimot. Na zauna ina zargin bitiret, wato yawan data a kowane sakan, na rage, na sake, duk a banza, sai ƙanina da ba ruwansa da inkodin ya danna ya kashe rubutun fassara, hoto ya tafi sumul. Ashe sabtaitil ɗin ne. Irin ASS ɗin nan ne mai ado, kowane harafi na waƙar yana juyawa yana walƙiya yana canza kala, kuma shi wannan zanen ba guntun bidiyo ke yin sa ba, firosesa ce ke zana shi firam bayan firam. Na ciro shi na mai da shi SRT, rubutu zalla, saboda akwati, adon ya tafi, rubutun allunan da ke cikin sin ma duk ya sauko ƙasa ya cakuɗe da magana, amma ana karantawa. Na ajiye na asalin a cikin fayil ɗin bidiyon na MKV a matsayin na biyu saboda kwamfuta.

Tsohuwar laftof ɗina ce yanzu ta rage a waje. Na danna Shift da I a mpv ina kallon lambar firam ɗin da ke zubewa tana hawa, na sa hwdec=auto don katin hoto ya karɓi aikin warwarewa ko za a dace, shiru, katin hotonta ya riga HEVC zuwa duniya, fanka kawai take ta ihu. Ita dai sai dai in yi mata nata kwafin 720p daban in na samu hali, ba yau ba.

Na yi lissafi kafin in jera sauran. Kashi ɗaya minti 24 ne a firam 23.976 duk sakan, wato wajen firam 34,500, kwamfutata kuma a saitin slow firam 4 take yi a sakan, kusan awa biyu da rabi kenan kowane kashi, sha biyun zai kai awa 29. Ƙanina ya leƙo yana tambaya yaushe za a fara kallo, na ce jibi in Allah ya yarda, ya yi tsaki ya ce da tun farko na 8-bit ɗin na bari da yanzu sun kai kashi na uku.

Na jera su sun fara. Bari in tashi in kashe saitin barcin kwamfutar tukuna, wancan karon a kashi na biyu ta yi min barci har gari ya waye.