Hanyar da Tulu Ke Bi Kafin Ya Isa Cikin Tabarau

Watannin baya na ɗauki hotunan wani tulu na yumɓu ta kowane ɓangare, na haɗa su a kwamfuta har suka zama siffa mai tsayi da faɗi da zurfi, irin wadda ake kira 3D, da niyyar in saka ta a wata ƙaramar manhaja da nake gwadawa. Manhajar tana cikin jinsin da ake kira manhajojin sarari, wato waɗanda ake girkawa kai tsaye a kan na'urar da ake sawa a fuska kamar tabarau, inda mutum zai ga abu a tsakiyar ɗakinsa, ya zagaya shi, ya sunkuya ya leƙa cikinsa. Da na sa na'urar a karon farko ban ga tulu ba, sai wani jan bango da ya kewaye ni ta ko'ina. Na daɗe ina neman kuskure a lissafin manhajar kafin na gane cewa a cikin tulun nake tsaye. Na auna shi da santimita, manhajar kuwa ta karanta lambobin a matsayin mita, shi ya sa tulu mai tsayin santimita 40 ya koma mita 40.

Tun daga ranar na daina ɗaukar ƙera siffa a matsayin babban aiki. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar tana kan hanyar da siffar za ta bi daga hannun wanda ya ƙera ta zuwa idon wanda ya sa tabarau, kuma wannan hanya ita ce mutane da yawa ba sa tanadar mata komai sai aiki ya kusa ƙarewa.

Abu na farko da mutum zai ci karo da shi shi ne cewa duniyar nan ta rabu gida biyu a kan tsarin fayil. A gefe guda akwai USD, wanda kamfanin Pixar ya ƙirƙira don ayyukansa na fina-finan zane, ya kuma buɗe shi ga kowa a shekarar 2016. A 2018 Apple da Pixar suka fito da USDZ, wanda ke tattara siffa da hotunanta da sautinta a ƙunshi guda, kuma a kansa na'urar Vision Pro, wato tabarau na kamfanin Apple, da ta shiga kasuwar Amurka a watan Fabrairun 2024, ta fi dogara. A ɗaya gefen akwai glTF na ƙungiyar Khronos, wanda sigarsa ta biyu ta fito a 2017, kuma shi ne ya fi karɓuwa a shafukan intanet da na'urorin da suka ginu a kan Android. Manufar kowannensu daban ce. An yi USD ne domin mutane da yawa su yi aiki a kan abu ɗaya, kowa ya ɗora nasa gyaran a kan na wani ba tare da ya goge shi ba, shi kuwa glTF an yi shi ne domin isar da kaya, ya yi sauƙin ɗauka, ya buɗe da sauri. Hatta ma'auninsu bai zo ɗaya ba: glTF ya tsaya a kan mita babu sauyi, USD kuwa yana barin fayil ya faɗi ma'auninsa da kansa, idan bai faɗa ba a ɗauka santimita ce. A wannan ramin tuluna ya faɗa. A watan Agustan 2023 Pixar da Adobe da Apple da Autodesk da NVIDIA suka kafa ƙawance don daidaita USD, amma wanda ke son kayansa su buɗe a ko'ina har yanzu sai ya tanadi duka biyun.

Inda na fi shan mamaki shi ne batun nauyi. Na saba duba girman fayil in yanke hukunci a kansa, ashe girman da ke rubuce a jikin fayil ba shi ne nauyin da na'ura ke ɗauka ba. Fatar tulun, wato hoton da ake lulluɓe siffar da shi don ta sami launi, hoton JPEG ne mai ɗigo 4096 a tsaye da 4096 a kwance, kuma a ajiye bai wuce 'yan megabait ba. Sai dai sashen na'ura da ke zana hoto ba ya karanta JPEG a matse, dole a warware shi tukuna. Ɗigo sama da miliyan 16 ne, kowanne yana cin bait 4, jimla megabait 64 ke nan, kuma idan aka haɗa da ƙananan kwafe-kwafen da ake yi don lokacin da abin ya yi nisa da ido, sai ya kai kusan 85. Tulu ɗaya kuma ba fata ɗaya gare shi ba, akwai ta launi, akwai ta kaushi da ƙyalli, akwai wadda ke nuna tudu da kwarin jikinsa, don haka abin da na ɗauka ƙaramin kaya ne yana cin kusan megabait 250. Na'urar Quest 3, wato tabarau na kamfanin Meta, tana da ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 ne gaba ɗaya, kuma tsarin na'urar da kansa yana da nasa kason a ciki. Maganin shi ne a matse hoton da tsarin da sashen zane ke iya karantawa ba tare da warwarewa ba, kamar ASTC, wanda a matakinsa mafi inganci yake mai da megabait 64 zuwa 16. A ɓangaren glTF ana amfani da ƙunshin KTX2, wanda ke sauka a matse sannan a juya shi zuwa tsarin da kowace na'ura ta gane.

Dalilin da ya sa wannan ya fi tsanani a tabarau fiye da waya shi ne lokaci. Na'urar da ke sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa tana da kusan kashi 11 cikin 1000 na daƙiƙa ne kacal don ta zana abin da ido biyu za su gani. Idan manhajar waya ta ɗan tsaya tana ɗauko kaya, mai ita zai yi tsaki ya jira. Idan ta tabarau ta tsaya, duniyar da ke gaban mutum ce ke karkarwa yayin da kansa ke motsi, kuma abin da ke biyo baya jiri ne da tashin zuciya.

Saboda haka na sauya tsarin aikina. Yanzu ina ajiye asali guda ɗaya na kowace siffa, mai cikakken inganci, wanda babu na'urar da za ta taɓa ganinsa. Daga shi ne wani ɗan tsari mai aiki da kansa ke fitar da 'ya'ya: USDZ don na'urorin Apple, glTF mai matsattsiyar fata don sauran, kuma kowanne a mataki biyu ko uku na yawan alwatika, wato ƙananan gutsattsari masu kusurwa uku da ake haɗa jikin siffa da su, domin abin da ke can ƙarshen ɗaki ba ya bukatar kyan da na hannu ke bukata. Kafin kowane fayil ya wuce, sai an auna tsayinsa an kwatanta da abin da na rubuta, wanda darasin tulu ne ya koya mini. Sunan fayil ɗin kuwa ba ni nake raɗa shi ba, ana lissafo shi ne daga abin da ke cikinsa ta hanyar wani lissafi mai suna SHA-256, ta yadda ko ɗigo ɗaya ya canja, sunan zai canja. Amfanin wannan ya fi yadda na zata da farko, domin na'ura za ta iya riƙe abin da ta sauke har abada ba tare da fargabar ya tsufa ba, kuma ba za ta sake sauke abin da take da shi ba. Ga irinmu da ke sayen data da kuɗin aljihu, a layin da ke yankewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da manhajar ke nema duk lokacin da aka buɗe ta shi ne wata 'yar takardar kaya kawai, mai faɗin wane fayil ne na wace na'ura. Su kayan suna zaune a saba, wato kwamfutar ajiya da ke kan intanet, ana rarraba su ta hanyar kamfanonin da ke ajiye kwafi kusa da masu amfani, irin su Cloudflare da Akamai.

Raba kaya da manhaja yana da wata fa'ida, wato mutum zai iya gyara launin tulu ba tare da ya sake miƙa manhajar ga kantin Apple ko na Meta ya jira tantancewa ba. Amma akwai iyaka. Dokokin kantin Apple sun hana manhaja ta sauke umarnin da zai sauya yadda take aiki, don haka siffa da sauti da bidiyo za su iya zuwa daga baya, amma ɗabi'ar abu, wato abin da zai yi idan aka taɓa shi, dole ta kasance tana cikin manhajar tun farko. Bidiyo kuma nasa lissafin daban ne. Bidiyon sarari da iPhone 15 Pro ta fara ɗauka a ƙarshen 2023 yana amfani da tsarin MV-HEVC, wanda ke ɗauke da hoton ido biyu a fayil guda, na biyun yana jingine da na farko don kada a maimaita abin da suka yi tarayya a kai. Irin wannan kaya ba a cusa shi a cikin manhaja, ana turo shi ne gutsure-gutsure yayin da ake kallo.

Wani zai ce me ya sa ba za a bar wa manyan rumbunan intanet wannan ɗawainiyar ba. Ina amfani da su wajen neman kaya, amma ba na barin manhajata ta dogara da su a lokacin da take aiki. Google ya buɗe rumbun siffofi mai suna Poly a 2017, har da hanyar da manhajoji za su riƙa ɗauko kaya daga cikinsa kai tsaye, sannan ya rufe shi ranar 30 ga Yunin 2021. Sketchfab, wanda masu ƙera siffofi suka daɗe suna taruwa a kansa, ya koma hannun Epic Games a 2021, kasuwarsa kuma aka mayar da ita Fab a 2024. Kayan aro ba ya rufe katara. Duk siffar da na samo a waje, sai na sauko da ita rumbuna tare da takardar izininta, na rubuta wanda ya ƙera ta da sharuɗɗan da ya gindaya, kafin ta shiga tsarin.

Abin da har yau ban sami hanyar miƙa wa kwamfuta ba shi ne kamannin fata a ƙarƙashin haske. Tsarukan biyu, USD da glTF, suna bayyana kaushi da ƙyalli da lambobi masu kama da juna, amma kowace na'ura tana da yadda take lissafa haske, kuma tabarau masu nuna ainihin ɗakin mutum suna ƙara nasu, domin hasken ɗakin ma yana shiga lissafin. Tulun da ya fito ja mai duhu, busasshe kamar wanda aka ɗauko daga wurin gashi, a wata na'urar sai ya yi sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Don haka duk fayil ɗin da tsarin ya fitar, sai na sa na'urar a fuskata, na ajiye tulun gaske a kan tabarma, na tsayar da na ƙarya kusa da shi, na duba su da rana, na sake dubawa da dare a hasken ƙwan lantarki ɗaya.