Ɗigon nan da kuke gani a taswira

Assalamu alaikum. Ina nan lafiya, da fatan kowa lafiya. Bari in tafi kai tsaye, domin tambaya ɗaya ta ishe ni: "Wai me ya same ka ranar Laraba?" Na amsa ta a waya har bakina ya gaji, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. In wuri ya rage zan taɓo zancen kwana a tanti da yadda ake shiga jirgin ƙasa da keke, tunda su ma an tambaya.

Ga waɗanda ba su da labari, keke na hau daga Passau, wani gari a bakin iyakar Jamus da Ostiriya, na bi gefen kogin Danube har Viyana, tafiyar kilomita 300 da ɗoriya. Kafin in tashi na kunna wa mutum biyar wurin da nake a WhatsApp, don duk wanda ya buɗe taswira ya ga inda na kai. A tunanina hankalinku zai kwanta. Ashe tayar da shi na yi.

Akwai wani wuri da ake kira Schlögen, inda kogin ya yi wata irin lanƙwasa tsakanin duwatsu da kurmi. A nan masu keke kan shiga ɗan ƙaramin jirgin ruwa su tsallaka. Ranar Larabar nan na tura kekena ciki, muna tsakiyar ruwa sabis ya ɗauke. Sai ɗigon ya tsaya cak a tsakiyar Danube, ni kuwa na sauka na ci gaba da taka kekena ina kallon hazo yana tashi a kan ruwa. Da sabis ya dawo, kira 17 na tarar, 11 daga ciki na Yaya ne. Yaya, ki yi haƙuri, amma da kin duba ƙasan sunana da kin ga an rubuta lokacin da wayar ta aiko wurin na ƙarshe. Wannan ɗan rubutun ne ba wanda yake karantawa.

Abin da ke faruwa shi ne aiki biyu wayar ke yi. Sanin inda take ba ya buƙatar data, saƙon taurarin GPS kawai take saurara, waɗanda ke can sama wajen kilomita 20,000. Amma ta gaya muku, sai da intanet. A kwarin nan wayata ta san inda nake sarai, bakin faɗa ne ba ta da shi.

Sai kuma sanyi, wanda shi ne ya fi ba ni haushi. A watan Oktoba na yi tafiyar, da safe yatsuna ba sa ko iya buɗe zif ɗin jaka. Na ɗaure wayar a kan kan keke, iska tana dukanta, allo a kunne, ga taswira, ga aika wuri. Caji yana 40 na duba, ban yi nisa ba ta mutu murus. Batirin waya ba ya shiri da sanyi ko kaɗan. Da na sa ta a aljihun ƙirji ta ji ɗumin jiki, ta farfaɗo da sauran cajinta kamar ba ita ba. Tun daga ranar can take zama, ita da fawabank, kamar masu jego.

Wani laifin nawa ne. WhatsApp zaɓi uku yake bayarwa: minti 15, awa 1, ko awa 8. In na kunna ƙarfe 7 na safe, ƙarfe 3 na yamma ya ƙare, ni kuwa ina kan hanya na manta ban sabunta ba. Daga baya na koma Google Maps, wanda ke barin mutum ya kunna har sai ya kashe da kansa. Masu ratsa daji inda babu sabis sam sukan riƙe wata 'yar na'ura irin Garmin inReach mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, amma hanyata ba ta kai nan ba.

Da zan sake, mutum biyu kawai zan ba, ba biyar ba. Duk mai ganin ɗigon yana ganin inda kake kwana, kuma akwai abokina da ya mayar da abin kallo, da na tsaya sai ya rubuto, "Malam, an gaji ke nan?" Sannan zan yi yarjejeniya tun kafin tashi: kullum ƙarfe 8 na dare a agogon nan zan turo saƙo. In 9 ta wuce shiru, mutum ɗaya ya kira ni, ba gayya ba. Ni kuma a nan, in abu ya faru, lambar gaggawa 112 ce a duk ƙasashen Tarayyar Turai.

Zancen tanti sai wani jiƙon, a takaice dai yana yoyo. Jirgin ƙasa kuwa, keke ma tikitinsa daban ake yanka masa. Yaya, na ga kin sake kira ina cikin rubutun nan, bari in gama shanya safa in kira ki.