Jikan magini da katakan Kapla

Har yau maganar malamar nan tana ci mini rai. Na je ɗauko Abdu daga makarantarsu ta ƙananan yara a nan birnin Bordo na Faransa, sai ta tare ni a bakin ƙofa da muryar tausayi, wai ko yaron yana da kayan wasa a gida? Wai idan aka zube musu Kapla tsayawa yake yana kallo, bai san yadda ake gini ba.

Jikan magini guda ake cewa bai san gini ba!

Kapla ɗin nan wasu siraran katakai ne, girmansu ɗaya, tsawon kowanne bai cika santimita 12 ba. Ba gam, ba ƙusa, ba wurin maƙalawa. Ɗorawa kawai ake yi, hannu ya yi rawa duka su rushe. Wani mutumin Holan, Tom van der Bruggen, ya fito da su a 1987. Katafaren gida yake son ginawa a kudancin Faransa, ya tashi gwada fasalinsa da dunƙulallun katakan yara, ya ga ba sa yin rufi, sai ya yanka nasa: faɗi ya ninka kauri sau 3, tsawo kuma ya ninka kaurin sau 15. Itacen ma daga dajin Landes yake, nan kudu da mu.

Ranar na sayo kwali mai guda 200, kuɗin cefane ya yi kuka amma ban damu ba. Kafin wata ya zagayo Abdu ya tayar da hasumiyar da ta fi shi tsawo. Ban nuna wa malamar ba, Baba na tura wa hoton ta WhatsApp.

Baba ya tsufa yana gini a unguwar Birni, can Damagaram. Muna yara a gindinsa muke wuni yana mulmula tubali, mu kuma muna satar laka muna yin shanu da rumbuna, yayyenmu suna ƙera motar kara. Da ya ga hoton sai ya aiko da murya: "Hadiza, ki ce wa mai sunana ya faɗaɗa gindin, ginin da ba gindi ba ya kwana." Na saurara har na yi hawaye.

Yanzu gwiwa ta hana shi hawa katanga. Yaya Sani ya koma bulo da siminti, ya ce laka ba ta ciyar da iyali. Daminar bara bangon zaure ya tsage, na aika kuɗi, amma mai yaɓen da Baba zai yarda da hannunsa aka rasa. Inna kuma ta ce hotuna sun ishe ta, in kawo mata yaron kafin ya manta Hausa. Na ce mata in sha Allahu hutun baɗi, kamar yadda na faɗa mata bara.