Wata huɗu da kifayen nan, jiya na ga 'ya'ya

Salam 'yan uwa masu koyon kiwon kifin gilashi, ga inda aka kwana a nan Gombe.

Cikin kifayen ado da nake kiwo, irin da ake kira siklid, macen nan mai ruwan ɗorawa da ta daina cin abinci, kusan sati uku tana laɓe bayan dutse, ƙasan bakinta ya kumbura, in na zuba abinci ta zo ta leƙa ta koma, ni duk na ɗauka cuta ce har na fara tunanin cire ta kar ta shafa ma sauran. Ashe ƙwai ne a bakinta! Jiya bayan la'asar ina zaune ina kallo sai ta buɗe baki wasu 'yan mitsi-mitsi suka fito, na ƙirga tara kafin su shige ramin duwatsu.

Haka siklid ɗin tafkin Malawi suke, uwa ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, ba ci ba komai. Maƙwabcina da ya taɓa yin su a Dadin Kowa dariya ya dinga min, wai karfasa ma haka take yi, kuma gaskiyarsa ne dan dangi ɗaya ne da karfasar da muke soyawa. Wlh wannan halin nasu ya fi kalarsu burge ni.

Sai dai fa masifa. Namijin ya kama kusurwa guda ya ce tasa ce, duk wanda ya gifta sai ya kora, ya tone yashi ya tumɓuke ciyawar da na shuka. Na haƙura da ciyawa, na ƙara duwatsu masu ramuka yadda kowa zai samu maɓoya, faɗan ya ragu sosai.

Ruwa kuma suna son mai ɗan kauri, wato mai ma'adinai a ciki, pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) wajen 8, ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 28 na Celsius. Sanyin hunturun nan da asuba shine matsalata, in an ɗauke wuta hita mai ɗumama ruwan ta tsaya, sai na lulluɓe akwatin kifin da bargo. Duk sati ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, na famfo kuma sai ya kwana a bokiti.

Gobe in sha Allah zan kwashe yaran zuwa ƙaramin akwati kafin manyan su yi kalaci da su, in dai na iya kamo su cikin duwatsun nan.