Motar da ta gagari garejin kamfani, da yadda muka ƙare da su

Duk wanda ya sayi mota a hannun kamfani kuma yana zaune Maradi to ya sani garantin da aka ba shi a Yamai take aiki, ba nan ba. Sama da kilomita 600 ne tsakaninmu, ka bi Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kuma dole ka bi ɗin don in makanikin unguwa ya kwance maka wani abu a inji za su ce garanti ta faɗi.

Tawa pikop ce mai shan gazuwal, da ita nake ɗauko aya da wake daga kasuwannin wajen Cadawa da Agye. Ciwonta ɗaya ne tun farko, in ta ɗau kaya rana ta take sai ƙarfi ya ɓace, fitilar inji ta kunna, ka taka totur iya takawa ta ƙi gaba, sai ka kashe ta ka jira ta huce. In ka kai musu sai su jona mata na'urar bincike, lamba ta fito P0087, ma'anarta ƙarfin turin mai da ke isa ga injekta, wato masu fesa mai cikin inji, ya yi ƙasa. Iyakar abinda lambar ke faɗi ke nan wallahi, ba ta ce ga mai laifi ba. Filta ce ta toshe, famfo ne ya gaji, tiyo ne ke shan iska, ko datti ne a tanki, duk lamba ɗaya za su kawo. Kamar majinyaci ne ya ce kaina ke ciwo, sauran aikin na likita ne.

Su kuwa da farko suka canza filta, wannan ban ga laifinsu ba don ita ce mai sauƙi. Ta sake, suka canza bawul ɗin famfo, shi ma sai da na jira har na gaji don tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ta Lome suke zagayowa. Ta sake yi a hanyar dawowa tun ban kai Ƙonni ba, sai aka fara maganar injekta, kuma wai daga aljihuna saboda "Alhaji man bakin hanya kuke zuba mata". Ni ban musa ba cewa man jarka mai ruwa ko ƙasa yana kashe injin gazuwal na zamani, mun gani a garin nan, amma ni a gidan mai nake sha kuma takardun suna hannuna. Abinda ya fi ƙona min rai shi ne yadda suke gwajin, a goge lamba, yaro ya zagaya da ita cikin gari da safe, babu kaya, tanki cike, a dawo a ce ta warke. To ai ni ma a haka ba ta taɓa yi min ba.

Daga nan na bar yin faɗa da yaron da ke karɓar makulli, bawan Allah ba shi ke yanke hukunci ba. Na samu littafi ina rubuta duk sanda ta yi, kilomita nawa, mai nawa ya rage, kaya nawa ke bayanta, ina ɗaukar bidiyon fitilar da waya. Na tattara takardun gyaran baya, na nemi a ba ni tsofaffin kayan da aka cire min, na rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban garejin na sa aka buga hatimi a kwafina. A littafin ne ma na lura ba ta yi sai mai ya sauka ƙasa da rabi.

Na ce wa shugaban ranka ya daɗe abu ɗaya nake roƙo, a ba ni makaniki da na'urarsa mu ɗora buhuna mu hau hanyar Doso da azahar da ragowar mai. Ya ɗan ja, daga baya ya yarda. Ba mu yi nisa ba ta yi, makanikin yana kallon turin man yana faɗuwa a gabansa. Da suka sauke tanki sai ga rariyar da ke bakin bututun jan mai ta cushe da datti da wani ɓallin roba, aka wanke aka mayar.

Tun daga nan ta yi lodin aya cikin zafin Afrilu ba ta yi gardama ba. Injektocin da suka so in saya suna nan su ne na asali. Kuɗin aikin bawul da suka karɓa ne har yanzu muke kai da kawo a kansa, na aika musu wasiƙa ta biyu da kwafin rasit, sun ce in jira shugaban ya sa hannu.