Gidan Shuɗi a Koyowakan: abin da tufafin Frida Kahlo suka rufe

Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 3, na sauka a tashar Koyowakan da ke kudancin birnin Meziko. Daga nan tafiyar kusan minti 20 ce a ƙafa zuwa lamba 247, titin Londres, wato Gidan Shuɗi, gidan mai zane Frida Kahlo wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Ta intanet ake sayen tikiti, kowane da sa'arsa, kuma ba a buɗewa ranar Litinin. Birnin yana bisa tsayin mita 2,240, saboda haka numfashi kan yi wa baƙo nauyi. Saiwoyin itatuwa sun ɗaga daɓen gefen titi, mai keken guragu gara ya ɗauki mota har ƙofa.

A nan Frida Kahlo ta girma, a nan ta rasu a 1954. Shan inna ta shanye mata ƙafar dama tana ƙarama, sannan haɗarin motar 1925 ya karya mata ƙashin baya da ƙugu. Ga gadonta da madubi a rufinsa, ga keken guragunta a gaban allon zane.

Inda na fi daɗewa shi ne ɗakin tufafinta, waɗanda aka kulle har sai 2004. Riga mai faɗi irin ta matan yankin Tehuwantepek da ke kudancin ƙasar Meziko ba ta matse jiki, shi ya sa take zama a kan rigar filasta mai tallafe ƙashin baya. Dogon siket yana rufe siririyar ƙafa. Dunduniyar takalmin dama an ƙara mata tudu don ƙafafun su daidaita. Kitso da furanni da sarƙoƙi kuwa suna janye idon mai kallo zuwa sama. Bayan an yanke ƙafar a 1953, sai ta sa wa ƙafar roba jan takalmin fata mai ado.

Wannan ne masana nazarin nakasa irin su Robert McRuer a littafinsa na 2006 da Alison Kafer a nata na 2013 suka dage a kai: al'ummar da ke tilasta wa mutum kamannin lafiyayye ita ce kuma ke gindaya masa yadda zai zama mace ko namiji. Frida ta so maza, ta so mata, kuma a hoton iyali na 1926 kwat ɗin maza ne a jikinta. Wanda ya nazarci kwat ɗin ya manta da filastar, rabin matar ya gani.

Ita filastar ma Frida ba ta bar ta fara fat ba. Tana kwance take duba madubi, tana yi mata zane da fenti.