Ƙamshin ganga a bakin kogin Spey

Jirgin ƙasa ya sauke mu a Elgin da hantsi, ana wani yayyafi mai sanyin da ke ratsa riga har ƙashi. Mu biyu ne, ni da abokin aikina ɗan Sikotlan, wanda ya yi watanni yana nacin sai ya kai ni yankinsu kafin in bar ƙasar. Ya san ba na shan giya, tun muna Aberdeen ma na sake tuna masa. Ya ce ba komai, hancina kawai yake so in taho da shi.

Muka ɗauki hayar mota muka nausa kudu, muka ratsa Rothes, muka tsaya a Craigellachie inda tsohuwar gadar ƙarfen da Thomas Telford ya gina a 1814 take tsallake kogin Spey. Ruwan kogin launin shayi ne, yana gudu da ƙarfi. Wannan yanki shi ake kira Speyside, babu inda ya kai shi yawan gidajen dafa wuski, wato giya mai ƙarfi da ake yi da sha'ir, a faɗin Sikotlan. Amma ba gidan dafa wuski muka fara shiga ba, sai wurin masu gyaran ganga, Speyside Cooperage, wanda ke aiki tun 1947.

Tun daga titi za ka hango gangunan katako an jibge su tsibi-tsibi kamar dala. A ciki akwai barandar da baƙi ke tsayawa su leƙa ƙasa. Ƙarar guduma ta cika wurin. Na kafa wa wani magidanci ido na kusan minti ashirin. Ya mirgino ganga da hannu ɗaya, ya buge zobban ƙarfen da suka ɗaure ta, ya zare katako ɗaya da ya tsage, ya ɗauko wani ya fere shi, ya gwada, ya sake ferewa, sannan ya zura. Ba ƙusa, ba gam. Matsin zobban ne kaɗai ke riƙe katakan, sai busasshen ganyen wata ciyawar fadama da ake cusawa a bakin murfi don kada ta yi yoyo. Shekara huɗu yaro ke yi yana koyon wannan sana'a. Mutumin bai ɗago kai ya dube mu ko sau ɗaya ba, ni kuwa ya burge ni matuƙa.

Can na fahimci dalilin da ya sa masu wuski suke ji da gangar da aka taɓa zuba giyar sheri a ciki. Dokar ƙasar ta ce ba a kiran abu wuskin Sikotlan sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak a cikin Sikotlan. Ruwan da ke fitowa daga tukunyar jan ƙarfe da ake dafa wuski fari ne tas, launi da yawancin ƙamshi daga katako suke zuwa. Shi kuwa sheri giyar inabi ce ta yankin Jerez a kudancin Sifaniya. A da a cikin ganguna ake kawo ta tashoshin ruwan Birtaniya, a juye a kwalabe, masu wuski su saye gangunan da araha. A shekarun 1980 aka koma ɗura sheri a kwalba tun a Sifaniya, wannan hanya ta toshe. Yanzu sai a sa a ƙera ganga musamman a can, a cika ta da sheri nau'in oloroso ko Pedro Ximénez mai zaƙi, ta sha shekara ɗaya ko biyu, a juye, a turo ta nan. Babbar tana cin kusan lita 500, kuma tsadarta ta ninka ta gangar da ake kawowa daga Amurka sau da yawa.

Bayan azahar muka wuce Aberlour zuwa gidan dafa wuski na Glenfarclas, a gindin dutsen Ben Rinnes. Iyalin Grant ne ke riƙe da gidan tun 1865, kuma da gangar sheri aka san su. Rumbunansu gajeru ne, bangon dutse, ƙofofi jajaye, daɓen ƙasa, ganguna a jere hawa uku kawai. Ana buɗe ƙofa sai wani ƙamshi mai sanyi ya tare ni, na jiƙaƙƙen katako da zabibi da ƙasa. Abin da nake shaƙa shi ne wanda ke sulalewa ta jikin katako, kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga duk shekara, wanda su suke kira rabon mala'iku. Gangar da ta yi shekara 30 a kwance ta yi asarar abu mai yawa, shi ya sa tsohon wuski yake da tsadar da yake da ita.

Da dare, bayan mun ajiye mota, muka zauna a wani ƙaramin masauki kusa da murhu. Abokina ya sa aka kawo kofuna biyu masu tsukakken baki. Duka biyun na ganga ɗaya-ɗaya ne, wato ba a gauraya su da na wata ganga ba. A jikin kowace kwalba an rubuta lambar gangar, ranar da aka cika ta, ranar da aka juye ta, da adadin kwalaben da ta bayar, 'yan ɗaruruwa kawai. In sun ƙare, shi ke nan, ba za a sake samun irinsu ba. Gida ɗaya ya dafa su, shekarunsu kusan ɗaya, amma na farkon ja ne wur kamar zoɓo mai kauri, na biyun kuwa launin zuma.

Da na kai hanci da gaggawa sai ya yi mini zafi har idona ya kawo ruwa, don ba a sirka su ba, ƙarfinsu ya haura kashi 55 cikin 100. Abokina ya ɗiga ruwa ɗigo uku, ya ce in jira, in kuma riƙe kofin nesa kaɗan. Sannu a hankali na farkon ya buɗe: dabino mai laushi, kanumfari, ɓawon lemo busasshe, can ƙasa kuma warin sabuwar jakar fata. Na biyun gyaɗa soyayya da kirfa na ji, da wani zaƙi mara nauyi. Shi da ya kurɓa ya ce na farkon yana kama harshe ya busar da shi kamar shayin da ya daɗe a buta, alamar itacen oak na Turai ke nan, na biyun kuma mai yiwuwa oak ɗin Amurka ne. Ya fi son jan. Ni na biyun ya fi kwanta mini, don a na farkon katako ya danne komai, ban ji ko alamar sha'irin da aka fara da shi ba. Muka yi ta musu a kan haka har wutar murhu ta fara lafawa.

Kafin mu tashi ya roƙi mai wurin ta bar masa kofin da ya shanye, ya rufe bakinsa da takarda. Da safe ya miƙo mini. Zafin giyar duk ya tafi, sai katako da zabibi zalla, irin ƙamshin da ya tare ni a ƙofar rumbu. Na riƙe kofin har shayina ya huce, sannan muka ɗauki jakunkuna don kada jirgin Elgin ya tafi ya bar mu.